Masu Cewa Marine Le Pen Ba Za Ta Ci Zaɓe Ba Su Sake Lissafi

Duk lokacin da aka taɓo siyasar Faransa sai ka ji masu sharhi suna cewa wai Marine Le Pen ta iya tara jama'a, amma ba za ta taɓa shiga fadar shugaban ƙasa ta Elysee ba, domin masu ƙin ta sun fi masu son ta yawa. Ni siyasar matar nan ba ta kwanta mini ba ko kaɗan. Sai dai ƙin mutum daban, raina ƙarfinsa daban, kuma a ganina masu wannan magana kansu kawai suke rarrashi.

Hujjarsu tana da tushe. Zaɓen shugaban ƙasa a Faransa zagaye biyu ne, kuma a na biyun mutum biyu ke karawa. A 2002 mahaifinta, Jean-Marie Le Pen, ya ba kowa mamaki ya tsallake zuwa zagaye na biyu, ya bar Firaminista Lionel Jospin a baya. Ƙasar ta girgiza. 'Yan gurguzu, waɗanda ba sa ga maciji da abokin karawarsa Jacques Chirac, suka yi layi suka zaɓe shi, wasunsu har suna cewa sai sun sa safar hannu sun toshe hanci kafin su jefa ƙuri'ar. Chirac ya tashi da kashi 82 cikin 100, Le Pen da kashi 18. Wannan taron dangi shi ne ganuwar da ake taƙama da ita har yau.

To, a duba halin da ganuwar take ciki. A 2017 Marine ta samu kusan kashi 34 a karawarta da Emmanuel Macron. A 2022 ta haura kashi 41, da ƙuri'u sama da miliyan 13. Ba kuma sa'a ce ta kai ta nan ba. Ta karɓi ragamar jam'iyyarsu a 2011, ta kori mahaifinta daga cikinta a 2015 saboda kalamansa kan kisan Yahudawa, ta sauya mata suna a 2018, ta bar batun ficewa daga kuɗin yuro da ke tsorata masu ajiya a banki. A yaƙin neman zaɓen 2022 tsadar rayuwa ta sa a gaba, tana alkawarin rage harajin mai da gas da lantarki daga kashi 20 zuwa 5.5. Magidancin da ke Henin-Beaumont, tsohon garin haƙar kwal da ya daɗe a hannun 'yan gurguzu, wannan maganar yake ji, ba tarihin mahaifinta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Mayotte, tsibirin Faransa da ke tekun Indiya, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne. A can ta samu kusan kashi 59 a 2022. Mutanen tsibirin sun gaji da rashin tsaro da ƙarancin ruwa da kwararar baƙi daga Komoros, suka ba ta ƙuri'a duk da abin da take faɗa kan hijabi. Wanda aka ce rabin ƙasa ba zai taɓa zaɓarsa ba, idan talaka ya fusata, sai ka ga lissafin ya wargaje.

Za a ce ai ganuwar ta yi aiki a zaɓen majalisar dokoki na Yulin 2024. Haka ne. 'Yan takarar majalisa sama da 200 suka janye wa juna, jam'iyyarta da ƙawayenta suka ƙare a matsayi na uku. Amma kujeru kusan 140 suka samu, alhali 89 ne a 2022. Za a kuma kawo hukuncin 31 ga Maris 2025, da kotu ta same ta da laifin karkatar da kuɗin Majalisar Turai, ta haramta mata takara shekara biyar. Ta ɗaukaka ƙara. Ko an hana ta, ga yaronta na siyasa Jordan Bardella, haifaffen 1995, wanda ya jagoranci jam'iyyar ta samu kashi 31 a zaɓen Majalisar Turai na 2024. Macron kuwa tsarin mulki bai ba shi damar tsayawa a 2027 ba.

Na san a Nijar akwai masu cewa duk wanda zai kayar da Macron da mutanensa maraba da shi. Na fahimci fushin. Amma matar nan ta tsaya takara ne da alkawarin haramta hijabi a kan titi da kasuwa, da fifita ɗan Faransa kan baƙo wajen aiki da gidajen gwamnati da tallafi. Ɗalibar da ta tashi daga Damagaram ko Maraɗi ta tafi karatu Lyon, ita wannan doka za ta fara cimma a tashar bas.

Hukuncina shi ne Le Pen ko magajinta na iya cin zaɓen shugaban ƙasa. Masu adawa da ita su daina jingina da tsoron sunan gidansu, su fito da ɗan takarar da zai yi wa talaka maganar kuɗin haya da kuɗin wuta. 'Yan uwanmu Musulmi da ke da katin zaɓe a Faransa kuwa, kada su zauna a gida ranar ƙuri'a.