Ba Linux ce ta tsayar da kwamfutar ofis ba, baƙo muka shigar babu mai gida



Duk wanda ya halarci taron ƙarshen wata ya ji yadda muryoyi suka tashi a kan kwamfutar ofis. Kwana huɗu cur ba mu buga takarda ko ɗaya ba. Masu neman takardar shaidar zama ɗan ƙungiya sun zo sun koma, rajistar kuɗin wata ta tsaya, har wani dattijo ya tambaye mu a gaban jama'a ko sunayen mambobi sun salwanta. Wasu suka ce a goge wannan Linux ɗin kawai, a kai kwamfutocin wurin masu gyara su ɗora mana Windows kowa ya huta. Mun yi alkawarin za mu yi bayani a rubuce, to ga shi.

Matsayinmu shi ne mu ci gaba da Linux, mu gyara yadda muke ɗora manhaja a kanta. Mun bi diddigin abin da ya faru, kuma abin da muka gani ya nuna sakaci ne daga ɓangarenmu.

Kada mu manta dalilin da ya kai mu ga Linux tun farko. Kwamfutoci shida ne a ɗakin, duk kyauta aka ba mu, kuma duk sun kwana biyu. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ƙarin wa'adin da ya bayar kuma na ɗan lokaci ne. Windows 11 tana buƙatar wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, namu kuwa babu wadda take da shi. Abin da ya rage shi ne mu sayi sababbi, ko mu zauna a kan tsohuwar Windows da ba a toshe mata ƙofofin ɓarayi, ko mu ɗora kwafin da ba a biya lasisinsa ba. Asusun ƙungiya ba zai ɗauki na farko ba. Sauran biyun kuma ba su dace da na'urar da ke riƙe da sunaye da lambobin wayar jama'a ba. Shi ya sa muka ɗora Linux Mint 21, wadda aka gina a kan Ubuntu 22.04. Kyauta ce, halal ce, kuma tana tafiya lafiya a kan tsofaffin na'urori.

Kafin a gane abin da ya faru, sai an gane yadda manhaja take zaune a Linux. Manhaja ba ta zuwa ita kaɗai da komai nata. Tana zuwa a ƙunshi, kuma ƙunshin yana jingine da wasu ƙunshe-ƙunshen da ke cikin kwamfutar: wannan na zana hoto a allo, wancan na fitar da sauti, wani na magana da firinta. Kowane ƙunshi yana ɗauke da jerin abin da yake buƙata, har da lambar sigar da yake so. Kamar kayan gyaran mota ne: sunan motar kaɗai bai isa ba, sai an dace da shekarar ƙira. Akwai wani ƙunshi mai suna libc6 wanda kusan kowace manhaja take jingine da shi. A Ubuntu 22.04 sigarsa 2.35 ce, a Ubuntu 24.04 kuma 2.39. Manhajar da aka haɗa don sabuwar tana iya ƙin zama a kan tsohuwar, kuma gaskiyarta ce.

Masu kula da Ubuntu da Mint suna da rumbun manhajoji nasu, inda aka gwada cewa ƙunshe-ƙunshen sun dace da juna. Akwai kuma wata manhaja mai suna apt wadda aikinta shi ne ta ɗauko abin da ka nema daga rumbun, tare da duk abin da yake jingine da shi. Mu mutanen Sabo ba baƙin wannan tsari ba ne. Tun zamanin iyayenmu, fataken da ya kawo shanu ko ya zo sayen goro ba ya faɗawa kasuwa kai tsaye. Yana sauka wurin mai gida, mai gida ya tsaya masa, ya san wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. In ciniki ya rikice, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Rumbun nan shi ne mai gidan. Manhajar da aka tsinto a wani shafin intanet baƙo ce da babu wanda ya tsaya mata.

Ga abin da ya faru. Ɗaya daga cikin samarinmu, yaro mai ƙwazo wanda ya sha taimaka mana ba tare da an biya shi ko sisi ba, ya so ya ɗora wata manhajar tsara katin shaida. Ya sauke fayil ɗinta mai ƙarewa da .deb, bai lura cewa don Ubuntu 24.04 aka haɗa ta ba. Ya ɗora ta da umarnin dpkg -i. Shi dpkg yana buɗe ƙunshi ya ajiye ne kawai, ba ya zuwa rumbu neman abin da ya rage. Sai manhajar ta tsaya rabi a ciki rabi a waje, apt kuma ya riƙa nuna saƙon "unmet dependencies", wato akwai buƙatun da ba a cika ba. Har zuwa nan ba a yi ɓarna ba. Da an cire wannan ƙunshi guda, da magana ta ƙare.

Sai ya bincika a intanet, ya samu shawarar wani cewa a ƙara adireshin rumbun 24.04 a cikin jerin rumbunan kwamfutar. Ya ƙara, ya ba da umarnin sabuntawa. Allo ya cika da sunayen abin da za a canza da abin da za a cire, cikinsu har da ɓangarorin fuskar kwamfutar da muke gani kullum. An tambaye shi ko a ci gaba, ya danna Y bai karanta ba. Ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, batirin ajiyarmu kuwa ya daɗe da mutuwa. Da safe muka kunna, sai baƙin allo.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu shugabanni ne muka rubuta kalmar sirrin mai iko a takarda muka manna a jikin tebur. Mu ne muka bar batirin ajiya a mace wata da watanni. Akwai manhajar Timeshift da take zuwa tare da Mint, wadda take ɗaukar hoton tsarin kwamfuta don a koma masa in an samu matsala, ba mu taɓa kunna ta ba. Saboda haka ba mu yarda a ɗora wa yaron nan laifi shi kaɗai ba, kuma muna roƙon a daina yi masa gori a majalisa.

Alhamdu lillahi, babu sunan da ya ɓace. Mun tayar da kwamfutar da filashin Linux, muka kwashe fayilolin ƙungiya zuwa wani faifai na waje. Muka buɗe fayil ɗin /var/log/apt/history.log, inda apt yake rubuta duk abin da ya ɗora da wanda ya cire da lokacinsa, a nan muka ga labarin tiryan-tiryan. Da yake tsohuwar siga da sabuwa sun cakuɗe sosai, muka ga ya fi sauƙi a ɗora Mint 22 daga tushe, wadda aka gina a kan Ubuntu 24.04 kuma take da tallafi har 2029. Abin da zai ba ku dariya, a kanta manhajar katin nan ta hau cikin minti biyu ba gardama.

Masu cewa a koma Windows suna da hujjojin da ba za mu raina ba. Gaskiya ne masu gyara da suka san Windows sun fi yawa a kowace unguwa. Gaskiya ne saƙonnin kuskure da Turancin ƙwararru suke zuwa, mai sakandare ma sai ya yi da gaske. Gaskiya ne wani lokaci manhajar da ke cikin rumbu ba ita ce sigar ƙarshe ba, domin irin wannan Ubuntu mai dogon tallafi duk shekara biyu take fitowa, a watan Afrilu, kuma an fi ba zaman lafiyarta muhimmanci a kan sabon yayi. Amma a duba da kyau: ɗabi'ar da ta jawo mana wannan matsala, wato sauke duk abin da aka gani a danna "eh" ba karatu, ita ce dai take cika kwamfutocin Windows da ƙwayoyin cuta. In mun canza tsarin kwamfuta ba mu canza hali ba, wata shida ba za ta cika ba sai mun sake zama irin wannan taro. A wannan karon aƙalla kwamfutar ta gaya mana abin da za ta yi kafin ta yi, ta kuma ajiye mana rubutaccen tarihi. Idan wata rana aka samu aikin da lallai sai da Windows, sai a kawo maganar gaban taro a sayi guda ɗaya mai lasisi.

Ga ƙa'idojin da za mu gabatar a taro mai zuwa domin amincewarku.

1. Kowace manhaja daga Software Manager za a ɗauko ta, ko da umarnin sudo apt install, bayan an yi sudo apt update domin kwamfuta ta san abin da ke rumbu a ranar.

2. In babu ita a rumbu, ko ana son sabuwar siga, a nemi ta Flatpak. Ita tana zuwa da kayan da take jingine da su, ba ta taɓa na tsarin kwamfuta. Sai dai ta farko takan ci data mai yawa, ɗaruruwan megabait, don haka a sanar da ma'aji tukuna.

3. In dole sai fayil ɗin .deb, a ɗauko shi daga shafin masu manhajar, a tabbatar don sigarmu aka haɗa shi, a ɗora shi da sudo apt install ./sunan-fayil.deb, domin apt ya nemo abin da ya rage ko ya ƙi tun kafin a taɓa komai.

4. Ba a ƙara rumbun wata sigar Ubuntu ko na Debian a kan tamu. Rumbunan ɗaiɗaikun mutane da ake kira PPA ma sai da izini, a kuma rubuta a littafin ofis.

5. Kafin a danna Y, a karanta. In an ga kalmar REMOVED da jerin sunayen da ba kai ka nemi a cire su ba, a danna N a kira mu. Mai son ganin abin da zai faru ba tare da an yi ba, ya sa -s a cikin umarnin, gwaji kawai zai nuna masa.

6. Timeshift zai riƙa ɗaukar hoto duk mako, da kuma kafin kowane babban canji. A sani cewa a yadda yake zuwa ba ya ajiye takardunmu, tsarin kwamfuta kaɗai yake kula da shi. Rajistar mambobi za a riƙa kwafe ta daban duk Juma'a.

7. Kalmar sirrin mai iko tana hannun mutum biyu. Sauran jama'a da ɗalibai za su shiga da asusun da ba ya iya ɗora komai.

Ga waɗanda suke da Linux a gida, in kun ci karo da irin wannan saƙo, kada ku firgita. In wuta ce ta katse aiki, ku fara da sudo dpkg --configure -a, yana ƙarasa abin da aka bari rabi. Sannan sudo apt --fix-broken install, ku karanta shawarar da zai kawo kafin ku amince. In ƙunshi ɗaya ne yake ta da rigima, ku duba inda ya fito da apt policy da sunansa. In baƙo ne, ku cire shi. In kuma aka ce an kasa samun "lock", yawanci manhajar sabuntawa ce take aiki a bayan fage, ku ba ta 'yan mintuna. Kada ku goge fayil ɗin kullen don wani ya ce a goge. Kada kuma ku cire python3 don kuna son wata sigar, domin kayan aikin tsarin da yawa a kansa suke tsaye. Abu mafi amfani shi ne ku ɗauki hoton saƙon gaba ɗaya da waya kafin ku nemi taimako. "Ta ƙi yi" ba ya isar mai gyara.

Maganar nan ta wuce takardun ofis. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake yin ta, kuma 'ya'yanmu da yawa a ɗakin nan suke fara taɓa madannai da linzami. Duk ranar da ɗakin yake rufe, su ne suke asara. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka muna son a kammala wannan gyara tun kafin lokacin rajista ya matso.

Muna neman abu biyu daga gare ku. Na farko, amincewa a fitar da kuɗin sabon batirin ajiya da faifan kwafi guda. Na biyu, matasa biyu ko uku, maza ko mata, da za su riƙa zuwa ranar Asabar bayan La'asar su koyi kula da kwamfutocin nan, domin kada ilimin ya tsaya a kan mutum ɗaya. Yaron da abin ya faru a hannunsa shi ne ya fara ba da sunansa, kuma mun karɓa, domin a yanzu babu wanda ya fi shi sanin amfanin karanta allo kafin a danna.

Mai gyara ko ƙarin bayani, ƙofar ofis a buɗe take, kuma za a ba kowa dama a taro. Allah Ya sa mu dace, Ya ƙara mana haɗin kai.

Sakataren Ƙungiya