LAFIYA UWAR JIKI: Garin tsiro da kunun yaye

A watan jiya wata uwa daga wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe ta aiko mana da tambaya. Ɗanta yana da wata 9. In ta dama kunu mai kauri, ba ya iya haɗiyewa. In ta tsinka shi da ruwa, yana sha har ciki ya cika, amma kullum ramewa yake yi. Mi za ta yi?

Kafin amsa, ku gwada wannan. Ku sa lomar tuwon gero a baki, ba miya, ku daɗe kuna taunawa. Za ku ji ta soma zaƙi. Dalili shi ne cikin miyau akwai wani sinadari mai farfasa garin hatsi ya maida shi sukari. Likitoci suna ce wa irin waɗannan sinadarai anzim. Kowane da aikinsa: wani yana narkar da hatsi, wani nama da wake, wani mai, wani madara. Kaɗan daga baki da tumbi suke fitowa, mafi yawa kuwa daga hanji da wata tsoka da ke kwance bayan tumbi. In babu su, abinci wucewa kawai zai yi, jiki bai amfana ba.

Jariri yana zuwa duniya da anzim na nono, amma na hatsi ba ya ƙarfi a jikinsa sai wajen wata 6. Tun 2001 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata 6. Masu ɗura wa jaririn wata 2 kunu, ku ji da kyau.

To, ga abin mamaki. Ƙwayar gero ma tana da nata anzim. In ta jiƙa ta soma tsiro, sai ta fitar da shi don ta narkar da garin da ke cikinta ta ciyar da tsiron. Wasu masana biyu na Faransa, Payen da Persoz, cikin tsiron sha'ir suka fara tsamo shi a 1833. A Tanzaniya da Indiya an gwada shi cikin kunun yara tun shekarun 1980, aka ga amfaninsa.

Ga yadda ake yi. A wanke gero, a jiƙa shi ya kwana. A tsane, a shimfiɗa bisa tsumma mai tsabta, a rufe, ana yayyafa ruwa kwana 2 ko 3 har ya tsira. A shanya a rana ya bushe ƙayau, a murje tsiron da saiwar a sheƙe, sannan a daka. In da dawa aka yi, cire tsiron wajibi ne, domin tsiron dawa yana da guba.

Sai uwa ta dama kununta da kauri sosai, ta sa garin wake gasasshe ko tunkuza. Ta sauke ya ɗan huce, don tafasa tana kashe anzim. Ta zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiro cikin kwanon, ta motsa. Kafin minti 10 kunun zai tsinke da kansa, ba ta ƙara ruwa ko ɗigo ba. Ta maida shi wuta ya ɗan tafasa saboda ƙwayoyin cuta, ya huce, ta ba yaro. Cikinsa ƙarami ne, amma yanzu abin da ya shiga ciki hatsi ne, ba ruwa ba.

Na san aikin mata ya yi yawa, ga daka, ga rijiya, ga gona. Amma tiya guda ta tsiro tana daɗewa, tunda cokali-cokali ake ɗiba. Maigida, kai ne mai rumbu, tiyar nan daga hannunka za ta fito.

Garin tsiro ba magani ba ne. In yaro yana zawo, a ci gaba da ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari na likita. In ƙafafunsa sun kumbura, ko ya ƙi cin komi, a kai shi likita a ranar, ko ta Kanan-Bakashe, ko Mayahi, ko Tasawa, wadda ta fi kusa.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba dalilin da ya sa madara ke murɗa wa wasu manya ciki, alhali nono mai tsami ba ya damunsu.