Keke mai araha, amma da birki

'Yan uwa matasa, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, kuɗin kabu-kabu ya hau a Maraɗi da Damagaram. Ga ɗalibi ko ɗan koyon sana'a, keke mafita ne. Amma a yi hattara da irin mai giya ɗaya da ke manne da tayar baya.

Gaskiya yana da amfani: kayansa kaɗan ne, gyaransa ba wuya, kuɗinsa da dama-dama. Sai dai muddin taya na juyawa, feda ma na juyawa, ƙafa ba ta hutawa ko a gangara. Wasu ma ba birki ake sayar da su, wai da ƙafa ake tsayarwa. Sabon mahayi, cikin cunkoson kasuwa, tsakanin amalanke da babura? Haba! Wannan wasa da rai ne.

Kafin ka biya, birkin gaba dole ne. Duba walda ko ta tsage, kuma sarƙa kada ta yi sako-sako. In da hali, ɗauki mai haƙora a gefe biyu na tayar baya, ka fara da gefen da ke barin ƙafa ta huta.

Kuɗin birki bai kai na asibiti ba.