Ƙofar makaranta: Tsakanin uban da ke kutsawa da wanda ba ya leƙawa

A watan Nuwamban 2025, bayan da ’yan bindiga suka sace ɗalibai mata 25 a makarantar sakandaren ’yan mata da ke Maga a Jihar Kebbi, kwana huɗu tsakani kuma aka kwashe fiye da mutum 200 a wata makaranta da ke Papiri ta Jihar Neja, Gwamnatin Jihar Katsina ta ba da umarnin rufe makarantun gwamnati. Iyaye suka yi tururuwa zuwa makarantun kwana domin ɗauko ’ya’yansu. A irin wannan rana ta ruɗani, akwai tambayar da kowane shugaban makaranta ya san nauyinta: mutumin da ya zo ya ce shi kawun yarinya ne, mahaifinta ya aiko shi, wa zai tabbatar? Kuma idan maigadi ya ce ya dakata, wa zai tsaya wa maigadin?

Tun daren 11 ga Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, maganar tsaron makaranta a Katsina ta fi karkata ga katanga da waya da jami’an tsaro. Hakan yana kan hanya. Littafin baƙi ba zai tare mutanen da suka zo da tsakar dare a kan babura da bindigogi ba, kuma babu mai hankalin da zai ce zai tare su. Sai dai akwai ɓangaren da ba a cika tattaunawa ba, wato yadda iyaye da baƙi ke shiga makaranta da rana tsaka, da abin da suke yi idan sun shiga. Wannan ɓangare ba ya jiran kasafin kuɗi daga Abuja. Yana hannun ɗan kasuwar da ke da shago a Babbar Kasuwa da ma’aikacin da ke Sakatariyar Jiha.

A kan takarda dai Najeriya ba ta rasa tanadi ba. Ta amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙaddamar a birnin Oslo a 2015, ta fitar da manufar ƙasa kan tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu a 2021, sannan a Disambar 2022 ta ƙaddamar da shirin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, wanda aka ƙiyasta zai ci Naira biliyan 144.8. Amma duk wannan tanadi a wuri guda yake ƙarewa: bakin ƙofa, inda wani dattijo mai ɗan ƙaramin albashi ke zaune a kan benci da littafi da biro. Idan al’umma ba ta ɗauki maganarsa da daraja ba, biliyoyin ba su isa ƙofar ba.

Abin mamaki shi ne ƙa’idar da ake neman mai ziyara ya bi ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Gidan Bakatsine yana da zaure, kuma yaro ƙarami ya san ba a wuce zaure sai an yi sallama an amsa. Alƙur’ani ya yi maganar neman izini a cikin Suratun Nur, hadisi kuma ya iyakance neman iznin ga sau uku, idan ba a ba mutum ba ya juya. Mutumin da ba zai yarda abokinsa na ƙut da ƙut ya zarce cikin gidansa ba, shi ne zai zarce ajin da ’ya’yan mutane sittin ko saba’in ke zaune, ya leƙa ta taga, ya kira ɗansa da suna, malami na tsakiyar darasi. Gidansa yana da hurumi a idonsa, makaranta kuwa ta gwamnati ce, abin gwamnati kuma a tunanin mutane da yawa ba shi da mai shi.

Na taɓa tsayawa a ƙofar wata makaranta a cikin birni ina jiran a tashi yara, sai ga wata mota mai baƙin gilashi. Maigadi ya miƙo littafi ya ce, “Ranka ya daɗe, a taimaka a sa hannu.” Mai motar ya sauke gilashi ya ce, “Baba, ba ka san ni ba ne?” Dattijon ya janye littafinsa ya buɗe ƙofa. Masu Keke Napep biyu da ke bayansa suka bi sahu, ba wanda ya tambaye su. A nan dokar ƙofa ke mutuwa, kuma galibi manya ne ke kashe ta. Talaka ba ya gardama da littafin baƙi sai ya ga mai kuɗi ya tsallake shi. Ranar da maigadi ya fahimci cewa babbar riga da tsadaddiyar mota sun isa izni, to ya koya wa duk mai mugun nufi irin shigar da zai yi. Jami’ai a Katsina sun sha kokawa cewa masu kai wa ’yan bindiga bayanai suna cikin jama’a, kuma mai leƙen asiri da rana yake zuwa, cikin shigar mutunci, ya ga inda ɗakin kwana yake da inda katanga ta zube.

Wanda ya fi wannan muni shi ne uban da ke zuwa da faɗa. An hori yaro, ya koma gida yana kuka, uba ya rufe shago ya taho, wani lokaci da ƙannensa, ya ci mutuncin malami a gaban ɗalibai. Wasu yanzu ba sa ma ɗaga hannu, waya suke ɗagawa: su ɗauki hoton malama, kafin a tashi makaranta ya zagaya Facebook da TikTok, ba tare da an ji ta bakinta ba. A 2021, hare-hare kan malamai sun yi yawa a Jihar Ogun har gwamnati ta sa iyaye rattaba hannu a takardar alkawari kan ɗabi’ar ’ya’yansu. A Ingila kuwa, dokar ilimi ta 1996 ta mayar da tayar da hankali a harabar makaranta laifi, kuma makaranta na iya hana uba shiga idan ya zama fitina. Katsina ba ta kai nan ba a hukumance, amma duk wanda ya zauna da malamai ya san abin da ke biyo bayan irin wannan cin fuska. Malamin da aka zaga sau ɗaya a gaban aji ba ya sake tsawatar wa ɗan kowa. Sai ya shiga ya rubuta a allo ya fita. Uban yana ganin ya ƙwato wa ɗansa haƙƙi, alhali ya raba shi, da sauran ’yan ajin, da mutum guda da ke lura da su na tsawon awa shida a kullum.

Wannan ba ya nufin malami ba ya kuskure. Akwai horon da ya wuce tarbiyya ya zama zalunci, kuma uban da ya ga shatar bulala a fuskar ɗansa yana da haƙƙin neman bayani. Hanyar tana nan: shugaban makaranta da farko, sai kwamitin al’umma mai kula da makaranta da ake kira SBMC ko ƙungiyar iyaye da malamai, sai Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar SUBEB idan firamare ce, ko Ma’aikatar Ilimi idan sakandare ce. Hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, tana da ikon bincike da hukunta malami. Idan kuwa rauni ne, ’yan sanda da kotu na nan. Matsalar ita ce iyaye ƙalilan ne suka san wannan tsani, makarantu kuma ba sa liƙa shi a bango kamar yadda suke liƙa kuɗin makaranta. Mutumin da bai san inda zai kai kuka ba, ajin zai nufa.

Sai dai a ganina uban da ke kutsawa, duk da hayaniyarsa, ba shi ne ya fi yawa ba. Wanda ya fi yawa shi ne wanda bai taɓa taka makarantar ba tun ranar da aka rubuta sunan yaron. Bai san sunan malamin ajin ba. Direba ko mai Keke Napep ne ke kai yaran ya ɗauko, yau wannan gobe wancan, ba tare da an sanar da makaranta ba. Takardar taron iyaye tana ruɓewa a cikin jaka. Ɗan kasuwa zai ce ba mai tsare masa shago, ma’aikaci zai ce yana da mitin, amma duka biyun ba sa rasa ɗaurin aure a Funtuwa ko Daura.

Katsina ta riga ta ga inda wannan sakaci ke kai mutane. A watan Oktobar 2019 ’yan sanda suka kuɓutar da mutum 67 daga wata cibiyar da ake kira ta gyaran tarbiyya a Daura, wasu da mari a ƙafa, a cikin kwanakin kuma aka rufe wata irinta a birnin Katsina. Da yawa daga cikin waɗanda aka samu a ciki danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, sun yarda da abin da aka gaya musu a bakin ƙofa. A Kano kuwa, wanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa a Yulin 2022 kan kashe Hanifa Abubakar mai shekara biyar, shi ne mai makarantar da take karatu. Waɗannan misalai suna nuna cewa haɗarin ba kullum daga waje yake shigowa ba. Makarantar da ta fake da tsaro ta hana iyaye ganin aji da banɗaki da ɗakin kwanan ’ya’yansu kwata-kwata, ita ma abar tuhuma ce. Doka ta ce a sa hannu, a jira a ofis, a zo a ranar da aka tsara. Ba ta ce kada a zo ba.

Saboda haka abin da ya dace Ma’aikatar Ilimi ta Jihar Katsina ta yi bai da tsada. Takarda ce guda, da Hausa, har da ajami domin waɗanda shi suka fi karantawa, wadda za ta shafi makarantun gwamnati da masu zaman kansu da Islamiyyu baki ɗaya. A cikinta a fayyace cewa kowane baƙo, ko kwamishina ne, zai rubuta suna ya fara da ofis. Ba a sallamar yaro sai ga wanda iyaye suka gabatar da shi tun farkon zango. Ba a ɗaukar hoton ’ya’yan wasu. Ranar jarrabawar WAEC da NECO kuma uba ba shi da aiki a harabar makaranta, tunda dokar hana satar jarrabawa ta 1999 ta haɗa har da mai taimakawa. A ɗaya gefen takardar a rubuta haƙƙin iyaye: ranar da za su zaga makaranta, sunan wanda za su kai wa ƙorafi, da adadin kwanakin da za a ba su amsa. Idan aka rubuta gefe ɗaya aka bar ɗayan, iyaye za su ɗauke ta a matsayin katangar da malamai suka gina wa kansu, su ci gaba da tsallake ta.

Wuyar aikin tana wurin aiwatarwa, domin shugaban makarantar da ya tsayar da wani babba a ƙofa yana iya wayar gari da takardar canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da kowa ke gudu. Muddin ma’aikatar ba ta fito ta ce za ta tsaya wa shugabanni da masu gadin da suka bi ƙa’ida ba, kowa zai zaɓi zaman lafiyarsa. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda shi kansa ya taɓa aikin koyarwa, yana yawan kai ziyara makarantu. Da zai tsaya a bakin ƙofa a ziyararsa ta gaba, ya karɓi biro daga hannun maigadi ya rubuta sunansa da lokacin shigarsa a gaban ’yan jarida, da masu baƙin gilashi da yawa sun rasa abin faɗa wa Baba maigadi.