Kwalekwalen Shaƙatawa, Malam?

Malam, na karanta lissafinka na mintunan da yawon kwalekwalen shaƙatawa zai ɗauka a dam ɗin Goronyo, har da irin rumfar da za a kafa masa. Taka ka zo Sabon Birni ko Isa da damina. A nan kwalekwale ne motar haya: buhunan gero, awaki, babur a kwance, mata da goyo, ruwa na lasar bakin jirgi, ga shi babu rigar kariya ko ɗaya. Wasu ma tsoron 'yan bindiga a hanya ke sa su shiga. A watan Agustan 2025 jirgin 'yan kasuwar Goronyo ya kife ɗauke da mutum fiye da 50. Ina lissafin rigunan kariya da gadojin da za su raba mu da wannan haɗari?