Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi: Halin Kare a Wajen Wanka

A unguwar Gyallesu da sauran sassan Tudun Wadan Zariya akwai gidaje da dama da ke ajiye kare domin gadi, wasu samari kuma domin farauta. Idan kaska ta yi wa karen yawa, ko warinsa ya dami gida, yara ake ba aikin wanke shi. Sau da yawa wankan yakan ƙare da duka, domin karen ya yi ta fizge-fizge, ya girgije ya jiƙa mutane, sannan ya ruga ya yi birgima cikin ƙasa. Nan take sai a yanke masa hukunci, a ce ƙazami ne, ko mai taurin kai, wani ma ya ce alamar hauka ce. Wannan hukunci kuskure ne. Kowane ɗaya daga cikin halayen nan yana da dalili, kuma rashin sanin dalilin shi ne yake jawo wa yara cizo da shaƙar guba.

Da farko a duba girgizar. A shekarar 2012, Andrew Dickerson da David Hu na Cibiyar Fasaha ta Jojiya a Amurka sun buga sakamakon binciken da suka yi da na'urar ɗaukar hoto mai sauri. Sun gano cewa babban kare yakan girgiza jikinsa kamar sau 4 a daƙiƙa guda, kuma cikin daƙiƙa 4 yakan watsar da kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ke gashinsa. Ɓera kuwa sai ya yi kusan sau 30 a daƙiƙa, saboda ƙanƙantar jikinsa. Sakwarkwacewar fatar kare ce take taimaka masa, domin idan ƙashin baya ya ɗan juya, fatar takan wuce shi nesa, ta yi wurgi da ɗigon ruwa kamar yadda majajjawa take wurgi da dutse.

Amfanin wannan ya danganci zafin jiki. Duk wanda ya sha ruwan randa ya san cewa ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa a bayanta shi ke sanyaya na ciki. Haka yake ga jiƙaƙƙen kare. Kowane kilo na ruwa yana ɗauke zafi kimanin kilojul 2,400 kafin ya bi iska. Ke nan rabin kilo da ya maƙale a gashi zai janye kilojul 1,200 daga dabbar da jikinta ke buƙatar ya tsaya tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Salsiyas. A sanyin hunturun Zariya, cikin Disamba da Janairu, wannan asara ce babba, musamman ga kwikwiyo.

Bugu da ƙari, karen ba shawara yake yi kafin ya girgije ba. A shekarar 2024, masana a ɗakin binciken David Ginty na Jami'ar Harvard sun nuna, ta hanyar ɗiga mai a wuyan ɓeraye, cewa akwai wasu jijiyoyi na musamman da suka kewaye tushen gashi, waɗanda ke aika saƙo ta laka zuwa ƙwaƙwalwa, sai girgizar ta tashi. Dukan kare don ya girgije daidai yake da dukan yaro don ya yi atishawa.

Sai batun guje-guje da birgima bayan wanka. Kare da hanci yake sanin duniya. Ƙwayoyin sansanar da ke hancinsa sun kai miliyan ɗaruruwa, alhali na ɗan Adam miliyoyi ne ƙalilan. Ƙamshin sabulun da mutum ke jin daɗinsa, ga kare abu ne mai hawa kai wanda ya rufe warin da ya saba da shi a jikinsa. Goga jiki da ƙasa ko bango yana rage wannan ƙamshi, yana kuma tsane sauran ruwan. Gudun kuwa irin na dabbar da aka daɗe ana danne ta ne, aka sake ta. Shi kuma warin nan da jiƙaƙƙen kare ke yi, ƙananan halittun da ke zaune a fatarsa ne tushensa, ruwa ya narkar da abin da suka fitar, iska ta ɗauko shi zuwa hanci.

Halin da ya fi muhimmanci shi ne wanda kare ke nunawa ana cikin wankan. Idan ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, yana lasar leɓe ko hamma, ko ya sandare yana kallo da gefen ido har farin ya bayyana, to tsoro ne ya kama shi. Gurnani shi ne gargaɗi na ƙarshe kafin cizo. Yaron da bai san waɗannan alamu ba sai ya ƙara matse igiya, ya kwara ruwa a ka, ya sa sanda. A nan ne hannunsa ke shiga bakin kare.

Akwai kuma wata fahimta da ke buƙatar gyara. Jama'a sun ji cewa ciwon haukan kare yana sa tsoron ruwa, don haka sai su zargi duk karen da ya guji bokiti. Alhali tsoron ruwa alama ce da ke bayyana ga mutumin da cutar ta kama, saboda maƙogwaronsa yana shaƙewa idan zai haɗiya. Alamun cutar a jikin kare su ne canjin hali farat ɗaya, da dalalar miyau, da cizon duk abin da ya tarar, da sauyin murya, da shanyewar muƙamuƙi ko ƙafafu. Haɗarin kuskuren ta fuska biyu ne: a kashe lafiyayyen kare, ko a amince da mai cutar don an ga ya nufi ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wanda kare ya ciza ko ya yaga, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar, ba a jira alama ba.

Haɗari na biyu shi ne abin da ake zubawa cikin ruwan wankan. Wasu kan sa fiya-fiya ko maganin feshin gona don kashe kaska, wasu kuma su shafa baƙin man mota a kan ƙazuwa. Wanda ya san cewa kare zai girgije, kuma zai lashe jikinsa, ya san inda gubar za ta ƙare: a idon yaron da ke riƙe da shi, a tukunyar da ke tsakar gida, a cikin karen kansa. Irin waɗannan magunguna suna ratsa fata, suna taɓa jijiyoyi, suna iya kisa.

Wani zai ce, mutanen da ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa ina suke da na wanke kare? Maganarsa tana da nauyi. Sai dai yawancin karnuka wanka ɗaya a wata ya ishe su, kuma kuɗin jarka ɗaya bai kai na jinyar cizo ba. Wani kuma zai ce ba ya son taɓa kare. Wanda ba ya so, ba dole ba ne ya ajiye. Amma wanda ya ajiye don ya tsare masa gida, ya ɗauki amanar lafiyarsa da ta maƙwabta.

Saboda haka ya kamata babba ya tsaya a kan wankan, kada a bar yara su kaɗai. A yi shi da hantsi, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a wurin da ba santsi, nesa da madafi. A fara daga ƙafafu da baya, a kiyaye ido da cikin kunne. A guji garin sabulun wankin kaya, domin yana busar da fata. Idan an gama, a ja da baya a bar shi ya girgije, a goge shi da tsumma, a riƙe shi a wuri mai tsabta har ya bushe kafin a sake shi.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan gashi ya kwanta, kaska da ƙuma da gyambo duk sukan fito fili, musamman a kunne da wuya da tsakanin yatsu. Abin da aka gani a kai shi ga likitan dabbobi. Mutanen Gyallesu ba su da nisa da masana, tunda Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru. A can za a ba da maganin kaska da ya dace da nauyin karen, a kuma yi masa allurar rigakafin hauka tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allurar, yaɗuwar cutar takan tsaya.

Malaman kimiyya na sakandare suna da darasi a nan wanda ba ya bukatar kayan aiki masu tsada: lissafin zafin da ruwa ke ɗauka, da aikin jijiyoyi, da hanyar yaɗuwar cuta. Ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta keɓe don yaƙi da ciwon haukan kare, lokaci ne mai kyau na gabatar da shi, domin ɗaliban nan su ne ake miƙa wa igiya da bokiti a gida.