Daga ɗakin haɗa silima zuwa intanet

Dodanni da gobarar da kuke gani cikin silimar Amurka, da yawansu kwamfuta ce ke zana su, hoto 24 ga kowace daƙiƙa. Galibi ana ajiye su cikin tsarin OpenEXR, wanda kamfanin Industrial Light & Magic ya ƙirƙiro a 1999, ya sakar wa kowa a 2003. Tsarin yana riƙe haske tun daga inuwa har ƙyallin rana, amma nauyi gare shi, kuma shafukan intanet ba su nuna shi.

Dole a juya shi. JPEG, na 1992, matakai 256 kawai yake bai wa kowane launi, abin da ya zubar kuwa ba ya dawowa. A nan gaggawa ke ɓata aiki: in ba a daidaita haske da ma'aunin sRGB ba, sai hoton ya fito dishi-dishi, kamar an ɗauke shi da magariba. Tambarin da ake son ganin abin da ke bayansa, PNG ko WebP ya kamace shi.

Ɗan kasuwar da ya biya kuɗin hoton talla, ya karɓi na asalin tare da ƙaramin, domin ƙaramin ba ya isa buga babban allo.